Baƙuwar da Aka Hana Taɓa Akuya

Mai'adua, Lahadi, 19 ga Janairu

Zuwa ga Gwaggona Barakatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin, ya gwiwar? Ya mutanen Kano da maƙwabta? Ni dai lafiyata ƙalau, har ma tana neman yin yawa, kamar yadda za ki ji.

Kin ce kada in kira ki a waya, tunda kunnenki ya daina ɗaukar maganar waya, sai dai mu yi ta ihu maƙwabta su sha labari. To ga takarda, kamar yadda ke tsohuwar shugabar makaranta kika yi umarni. Mati direba ya ce duk Lahadi yana zuwa cin kasuwar nan, zai riƙa kai miki yana kawo min.

Ranar da zan taho kin tambaye ni wai mene ne ma wannan aikin koyon sana'ar da muke kira aiti, na ba ki amsa a tsaitsaye. Ga yadda abin yake. Kwalejinmu ta lafiyar dabbobi takan tura kowane ɗalibi wurin masu sana'ar na wata huɗu, ya koyi aikin da hannunsa. An ba kowa littafi. Kullum sai ka rubuta abin da ka yi, ƙarshen mako maigidanka ya sa hannu. Kafin a gama wani malami zai zo daga makaranta ya duba littafin, ya kuma ga aikinka da idonsa. Wanda bai gamsar da shi ba sai ya maimaita shekara.

Baba Sabiru, likitan dabbobin da zan yi aikin a hannunsa, ya karɓe ni hannu bibbiyu. Matarsa, Inna Madina, zabi biyu ta yanka ranar da na iso, kuma tun daga ranar ba a bar ni na ɗauki ko tsintsiya ba. Asibitin nasa ɗaki biyu ne da rumfa a bakin kara, inda ake cinikin shanu. Yana da wani dattijo mai taimaka masa, Ɗantsoho, wanda ya fi shekara ashirin yana kayar da bijimai.

Ranar Litinin na sa farar rigata da takalmin roba na fito da shirin aiki. Sai na tarar an ɗauko kujera mai laushi daga falon Baba an ajiye a inuwar rumfa. Ya ce, "Zauna nan, 'yata, ki huta gajiyar hanya." Na zauna. Talata ma na zauna. Da na miƙe zan riƙe wata akuya, har da gudunsa ya zo ya ce za ta ɓata min riga. Yau kwana bakwai, littafina fari fat, ni kuwa kumatuna sun fara cika da furar Inna Madina. Ina jin kwanakin baƙunta ne, za su wuce.

Taki,
Fadila

Kano, Asabar, 25 ga Janairu

'Yata Fadila,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na karanta sau biyu, na gyara miki kuskure uku da jan biro saboda sabo. Gwiwa da sauƙi. Gidan ne dai ya yi min faɗi, har rediyo nake bari a kunne ko ba na jin abin da yake cewa.

Na ji daɗin yadda Sabiru ya karɓe ki. Ashe yana da hankali ban sani ba. Ki tuna ba bare ba ne: mahaifiyarsa Adawiyya da kakanki Malam Dabo uwa ɗaya uba ɗaya suke, a gida ɗaya muka tashi a Daura. Kafin ki tafi na zauna na rubuta masa takarda ta natsuwa, na ce ke ce abin da ƙanena ya bar min a duniya, ya riƙe min ke amana. Na ga saƙon ya shiga.

Maganar kujera kuwa, ki ci zabinki ki yi shiru. Tun kina firamare haka kike, a ba ki hutu ki ce an cuce ki. Aiki ba gudu zai yi ba. Ki riƙa gaishe da Madina da safe kafin ta riga ki, kuma kada ki sha ruwan randa da rana tsaka, kin san maƙogwaronki.

Gwaggonki,
Barakatu

Mai'adua, Lahadi, 9 ga Fabrairu

Gwaggo,

Ina gaisuwa. A tsaye nake rubutun nan, Mati ya cika mota yana ta danna min oda.

Ba na son in yi ƙorafi a kan mutanen da suka ɗauke ni kamar 'yar cikinsu, kuma ba zan iya kallon idon Baba in faɗa masa ba. Amma halin da nake ciki a asibitin nan ya ishe ni. Daga safe har la'asar abu ɗaya, bayana har ciwo yake. Mako huɗu ke nan, Gwaggo. Don Allah ki yi masa magana, ke zai ji taki.

Fadila

Kano, Asabar, 15 ga Fabrairu

'Yata,

Takardarki ta tayar min da hankali. Daga hutun kwana bakwai sai a ɗora wa yarinya aiki daga safe har la'asar, har bayanta ya riƙe? Na san shanun karar nan, ba ƙananan dabbobi ba ne.

Kada ki damu, na rubuta masa. Na yi masa magana cikin ladabi da girmamawa, ban sa wasa ko ɗaya ba don ya san da gaske nake. Na roƙe shi don zumunci ya sassauta miki, na tuna masa ba ki saba wahala ba. Ga man zafi nan na ba Mati, ki sa Madina ta shafa miki.

Gwaggonki,
Barakatu

Mai'adua, Lahadi, 23 ga Fabrairu

Gwaggona,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan kina zaune, don yau zan faɗi magana ba kwana-kwana.

Zama ne ya sa min ciwon baya, Gwaggo! Zama! Ban taɓa ko wutsiyar akuya ba tun da na zo. Da takardarki ta biyu ta iso, sai aka ƙara min matashi a kan kujerar, aka hana ni leƙa kara saboda rana, Inna Madina kuma ta fara dafa min kunun gyaɗa na masu jinya. Na yi dariya, daga baya na shiga ɗaki na yi kuka.

Bari ki ji abin da ya faru ranar Alhamis. Baba ya tafi Daura ta'aziyya. Sai ga wani makiyayi daga wajen Kongolam ya jawo saniya, cikinta ya kumbura tana nishi. Ya hango farar riga, ya nufo ni yana cewa, "Likita, a taimaka." Na san ciwon. Na san maganin, har shafin da yake a littafinmu na sani, na ci jarrabawa a kansa. Amma da na tsaya gaban saniyar nan ban san ta wane gefe ake tunkararta ba. Ɗantsoho, wanda bai taɓa zama a aji ba, ya zo ya kama hancinta, ya ɗura mata magani ta gefen baki da kwalba, ya yi ta zagayawa da ita har iskar ta fita. Ni kuwa na koma kujerata. Da makiyayin zai tafi na ji yana tambayar Ɗantsoho a hankali, "Ita wannan baiwar Allah ba ta da lafiya ne?" Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da yamma na kasa daurewa, na faɗa wa Inna Madina komai. Ta riƙe baki, sannan ta gaya min abin da ban sani ba. Ta ce ke da Baba taubasai ne, ke 'yar namiji shi ɗan mace, kuma tun da ta shigo gidan nan shekara talatin ba ta taɓa jin kin yi masa magana ba tare da tsiya ba. Ko gaisuwar Sallah da zagi kike aiko masa, shi kuma ya yi mako yana dariya yana shirya ramuwa. Sai ga takarda ta zo ta fara da "ɗan'uwana mai daraja". Ta ce ranar bai ci abinci ba. Ya ce mata Barakatu ba za ta daina yi masa wasa haka kawai ba, ko dai ita ce ke fama da ciwon da take ɓoyewa, ko yarinyar. Da ta biyu ta zo da ladabin da ya fi na farko, sai ya tabbatar. Takardun biyu suna aljihun gaban rigarsa, kullum da su yake yawo.

Mako shida sun tafi, Gwaggo. Idan malaminmu ya zo ya same ni haka, shekara guda ta tafi, kuma ko ya yafe min ni na san ban iya komai ba. Ke kika ɗaura abin nan, ke za ki kwance.

Taki,
Fadila

Kano, Asabar, 1 ga Maris

Zuwa ga bawana Sabiru ɗan Adawiyya, likitan jakai,

Ba gaisuwa, ba ka ci ta ba. In ka ga dama ka gaishe min da Madina, baiwar Allah da ta yi haƙurin kallon kunnuwan nan naka shekara talatin.

Ashe har yau ba ka yi wayo ba? Sau ɗaya a rayuwata na ce bari in yi maka maganar mutane, sai ka ruɗe. Laifina ne da na manta da wa nake magana, mutumin da bunsurun Malam ya kora har cikin rumbu, muka same shi yana kiran inna. Wai shi ne yau likitan dabbobi.

To buɗe kunnuwan, tunda Allah ya ba ka su da yawa. Lafiyata ƙalau, ni zan ci gumbarka in Allah ya so. Yarinya ma lafiyarta ƙalau, ta fi ka ƙarfi. Na aiko maka 'yar koyo, ka mai da ita amarya. Ka mayar da kujerar nan falo yau ɗin nan. Ka ba ta tsintsiya, ka ba ta igiya, ka sa ta a rana. In ta dawo min Kano da tafin hannu mai laushi, zan zo Mai'adua ranar kasuwa in tsaya tsakiyar kara in ba dillalai labarin rumbu.

Takardun nan biyu kuma ka ba akuya ta cinye.

Uwargijiyarka,
Barakatu 'yar Dabo

Mai'adua, Lahadi, 2 ga Maris

Zuwa ga Barakatu, kurmar Kano,

Alhamdu lillahi! Yau da buɗa-baki kwano biyu zan ci. Na karanta takardarki a bakin kara, na yi dariya har Ɗantsoho ya zo yana tambaya ko lafiya.

Bari in faɗa miki gaskiya sau ɗaya, kada ki saba. Na tsorata ƙwarai. Da na ga "ɗan'uwana mai daraja" na ce shi ke nan, Barakatu wasiyya take yi. Cikin waɗanda muka tashi tare a gidan Malam, daga ni sai ke muka rage. Duk lokacin da na kalli yarinyar nan sai in ga kamar abin da za ki bar min ke nan, to ta yaya zan tura ta ƙarƙashin bijimi? Kada ki ƙara yi min ladabi, ba kyau.

Maganar rumbu kuwa ƙarya kike, hatsi na shiga dubawa. Kuma ba ni na faɗa kududdufi da sabon zanen Sallah ba.

Kujera ta koma falo. Yarinya kuwa ki yi mata addu'a, don duk tsiyar da kika yi min shekara hamsin a kanta zan fanshe.

Ɗan Adawiyya,
Sabiru

Kano, Asabar, 12 ga Afrilu

Fadila,

Ina gaisuwa, in har ana amsawa. Yau mako bakwai ban ga rubutunki ba. Azumi ya zo ya wuce, ƙaramar Sallah ta wuce, sai saƙon baki da tsarabar fura. Duk Lahadi da yamma ina zaune a ƙofar gida, Mati ya zo ya ce, "Hajiya, ta ce a gaishe ki, tana cikin aiki." Na tambaye shi ya ya gan ki, ya ce kin yi baƙi kin rame.

Fushi kike da ni? In fushi ne kina da gaskiya, ni na jawo miki asarar mako bakwai da iyayina. Ko kuwa wancan mai kunnuwan ne ya ɗauki wasa ya mai da shi gaske? Ki faɗa min ko layi biyu ne. Ina kewarki, ba na jin daɗin shirun nan.

Gwaggonki

Mai'adua, Lahadi, 20 ga Afrilu

Gwaggona ta kaina,

Ki yafe ni. Wallahi ba fushi ba ne. Lahadi ita ce ranar da Mati ke zuwa, ita ce kuma ranar da ba na samun ko zaman shan ruwa. Sau uku ina fara takarda ana kirana. Na yi baƙi, gaskiya ne, amma ban taɓa jin daɗi irin na yanzu ba.

Baba ya cika alkawarinsa. Makon farko shara ce da wanke kayan aiki. Na biyu riƙo kawai: in riƙe akuya, in riƙe rago, shi yana allura ina kallo. Na ce masa na iya allura tun a makaranta, ya ce, "A jikin lemo kuka koya, lemo kuwa ba ya harbi." Ɗantsoho ne ya koya min inda ake tsayawa kusa da saniya, a jingine da kafaɗarta, bayan wata karsana ta taka min ƙafa na yi kwana uku ina ɗingishi. Sai a mako na uku aka ba ni sirinji, Baba yana tsaye a kaina, hannunsa a kan nawa. Yanzu ina samun jijiyar wuya ba tare da na soki dabba sau biyu ba, ina kuma gane shekarunta da haƙora.

Kuskure kam na yi. Wani bafatake ya kawo rago, na auna zafinsa na ga ya hau, na zuƙi magani zan yi masa allura. Baba ya ce, "Kin tambaye shi daga ina suke?" Ashe tun safe suke tafe a ƙasa cikin rana. Ya sa na ɗaure ragon a inuwa, na ba shi ruwa, bayan awa guda na sake aunawa, lafiyarsa ƙalau. Ya ce in riƙa tambayar mai dabba kafin in tambayi ma'auni. Sannan ya ce wannan gaggawar gadon gidan Dabo ce, wai ke ma haka kike.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne shiga gidaje. Kin san yawancin awakin garin nan na mata ne, suna ɗaure a cikin gida, Baba kuwa iyakarsa zaure. Shekara da shekaru sai dai a fito a kwatanta masa ciwo ya ba da magani. Ni kuwa sallama kawai nake yi in shige har turke. Yanzu mata har aike suke yi a ce 'yar gidan Dakta ta zo. Wannan ne ya hana ni zuwa ƙaramar Sallah, muna tsakiyar rigakafi. Amma zan gama kafin Babbar Sallah, tare za mu yi suya in sha Allahu.

Abu ɗaya ke damuna, shafukan nan na mako bakwai da na yi a kujera. Baba ya ce tunda laifinsa ne, in kwafi aikin da shi ya yi a kwanakin in rubuta kamar ni na yi, zai sa hannu. Ya ce ai ina wurin, na gani da idona. Na ce masa zan yi tunani. Har yanzu ban rubuta komai ba.

Taki,
Fadila

Mai'adua, Lahadi, 11 ga Mayu

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ya zafi? Na sami amsarki. Na lura kin yi magana a kan komai, har da ƙafata da karsana ta taka, ban da shafukan nan. Na gane kin bar ni da kaina ne.

Malaminmu ya zo ranar Laraba ba sanarwa. Sunansa Malam Mahdi, a makaranta ana tsoronsa don ba ya dariya. Bai same ni a asibiti ba, ina gidan wata tsohuwa, Iya Hasana, akuyarta ta kasa haihuwa tun hantsi. Baba ya ɗauko shi a babur suka zo suka tsaya a zaure. Malam ya ce shi aikin hannuna ya zo gani, Iya Hasana ta ce maigidan ba ya nan, ko gwamna ne ba zai shigo ba. Aka yi ta aike tsakanin zaure da tsakar gida. Daga ƙarshe ta ce in dai kallo yake so a kai masa. Muka ɗora akuyar a tabarma, ni da jikokinta mata biyu, muka kai ta zauren.

Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye miki ba. Amma da na wanke hannu na sa safar hannu na durƙusa, sai na manta da mutanen da ke kaina. Na lalubo na ji ƙafar ɗan ɗaya ta lanƙwashe baya. Na tura shi ciki kaɗan, na miƙe ƙafar, na jira uwar ta yi nishi sannan na jawo a hankali. Ya fito ba ya motsi. Na share masa hanci, na goge shi da tsumma da ƙarfi, sai ya yi atishawa. Bayan ɗan lokaci na biyu ya fito da kansa. Iya Hasana ta rangaɗa guɗa daga bayan ƙofa. Baba kuwa sai gyaran hula yake ta yi.

Da muka koma asibiti Malam ya karɓi littafin. Ya fara daga baya yana gyaɗa kai, har ya iso farko ya ga shafuka fari. Ya ce, "Ina aikin mako bakwai na farko?" Na ce, "Ban yi ba, Malam. A kujera na zauna." Baba ya karɓe zancen, ya kwashe labarin takardunki kaf ya faɗa masa, har da ɗan'uwana mai daraja. Gwaggo, Malam Mahdi ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Ya ce shi ma yana da taubashiyar da ta hana shi sakat.

Amma da ya gama dariyar ya ce doka doka ce, wata huɗu na aiki ake nema. Ya ce da ya tarar an cike shafukan da aikin da ban yi ba, da tambaya uku zai gane, kuma da shekarar ta tafi. Tunda na bar su yadda suke, kuma ya ga hannuna, ba zan maimaita ba. Sharaɗin shi ne in ƙara mako bakwai a nan ba tare da fashi ba, ya dawo ya sa hannu.

Na yi murna, sai kuma na ƙirga kwanakin. Babbar Sallah tana tsakiyarsu, kuma lokacin ne kara ke cika da raguna, ko ranar Sallar Baba yana zagayen duba nama. Tun rasuwar Babana ba mu taɓa yin Babbar Sallah a rabe ba. Na yi miki alkawari, ga shi zan saɓa. Na amsa wa Malam kafin in tambaye ki, kuma abin yana damuna. Ki faɗa min gaskiyar abin da ke ranki.

Taki,
Fadila

Kano, Asabar, 17 ga Mayu

'Yata Fadila,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, sai zafi.

Kin ce in faɗi gaskiya. Da na karanta takardarki na yi kuka, don na riga na sayi atamfa iri ɗaya ni da ke na kai wa tela. Sallar nan za ta yi min shiru, ba zan ce miki ba haka ba. Da na share hawaye sai na ɗauki takardar na bi maƙwabta gida-gida ina karanta musu wurin haihuwar akuyar. Shekara talatin da biyar ina koyarwa, na san yadda farin shafi yake da nauyi a hannun ɗalibi ranar da mai duba aiki ya zo. Ban ce miki komai ba don ina son in ga abin da za ki yi, kuma na gani. Da ƙanena yana raye da yau ba mai iya zama kusa da shi don alfahari. Ki zauna ki cika kwanakinki.

Yanzu ga abin da ya sa na ce Mati ya ba ki takardar nan hannu da hannu. Ki leƙa bayan motarsa. Tunkiyata ce, wadda na saya bayan tafiyarki don in sami abin yi wa magana. Kwana biyar ke nan tana ɗingisa ƙafar gaba ta dama, ta rage cin dusa, ga ta da ciki. Mati ya yi ta mita, wai shekara ashirin yana ɗauko dabbobi daga Mai'adua zuwa Kano, bai taɓa ɗaukar tunkiya daga Kano zuwa Mai'adua ba, 'yan tasha za su yi masa dariya. Na ce su yi.

Na san akwai likitocin dabbobi a Kano, har maƙwabcinmu ya ce zai kira min wani. Na ce a'a, ina da tawa. Kada ki bar mai kunnuwan nan ya taɓa min ita. Ki duba ta da hannunki, in ta warke Mati ya dawo min da ita. Ke kuwa kada in ga ƙeyarki sai malaminku ya sa hannu.

Gwaggonki,
Barakatu